Yadda Biskit Mai Cakulan Ya Shiga Kayan Gara

A garuruwa irin su Ruwan Godiya da Faskari, haɗa garar amarya kan zo da 'yar gardama a yanzu. Gwaggonni na cewa gara alkaki ce da nakiya da dubulan. 'Yan mata kuwa so suke a sa bokitin biskit mai cakulan, mai farin kirim a tsakiya, wanda suka gasa da hannunsu.

Alkama dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni ana noma ta a fadama da rani, ana yin alkaki da finkaso da gurasa. Koko ne baƙo. Daga nahiyar Amurka ya fito, ya iso Nijeriya a ƙarshen ƙarni na 19, ya samu gindin zama a ƙasar Yarbawa, har kuɗinsa suka gina dogon benen Cocoa House na Ibadan a 1965.

Shi kuwa biskit mai kirim a tsakiya, ɗan masana'anta ne. A 1908 aka fito da Hydrox a Amurka. A 1910 kamfanin Peek Freans na Landan ya fito da wanda daga baya aka sa wa suna Bourbon. Sai a 1912 Nabisco ya kawo Oreo, wanda ya shafe sunan Hydrox har mutane ke zaton shi ne na farko.

A gida Nijeriya, an kafa kamfanin Flour Mills mai fulawar Golden Penny a 1960. A 1963 Ahmed Idris Nasreddin ya kafa NASCO a Jos, ya fara da saƙa buhu kafin ya shiga yin biskit. Ta hannun irin waɗannan kamfanoni biskit ya kai teburin mai shago a ƙauye. Ko hana shigo da alkama da gwamnatin Babangida ta yi a 1987 bai raba yara da shi ba.

Masu cewa waya ce ta koya wa mata gashin biskit, wai daga TikTok da YouTube, sun faɗi rabin gaskiya. Tun kafin wayar hannu, matan aure na gasa kek a gwangwanin madara: a zuba yashi a tukunya, a jera gwangwanaye, garwashi a ƙasa, garwashi a kan marfi. Macen da ta iya wannan, sauran aikin kaɗan ne. Ta kwaɓa fulawa da garin koko da bota da sukari, ta murza da kwalba, ta yayyanka da bakin kofi, ta gasa. In ya huce ta shafa kirim, ta haɗa biyu-biyu. A ganina gara ce makarantar, waya fasali kawai ta kawo.

Tsada ma ta taimaka. Bayan cire tallafin mai a 2023 farashin kayan shago ya yi tashin gwauron zabi, a 2024 kuma tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya. A gida kuwa, da garin koko cokali kaɗan mace za ta cika faranti.

Don haka gwaggonni su kwantar da hankalinsu. Dubulan da cincin ma da fulawar kamfani ake yin su, yau kuma ba mai kiransu baƙi. A bar biskit ya shiga gara, amma a koya wa yara alkaki.