Yadda wasan 'yan jarida ya haifi kalmar OK

Ranar Asabar, 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta Amurka ta buga wani ɗan sharhi na barkwanci, tana tsokanar wata takwararta ta garin Providence. A tsakiyar sharhin aka cusa haruffa biyu, "o.k.", sannan aka bi su da bayani cewa suna nufin "all correct", wato komai daidai. Editan jaridar a lokacin shi ne Charles Gordon Greene. Wannan shi ne wuri mafi daɗewa da masu bincike suka samu kalmar a rubuce da ma'anar da muka san ta da ita yau.

Abin dariyar yana cikin rubutun ne. Kalmomin biyu da "a" da "c" suke farawa, amma da gangan aka karkace su zuwa "oll korrect", kamar yadda wanda bai je makaranta ba zai rubuta. Tun shekarar 1838 samarin Boston masu ilimi suka tsiro da wannan yayi na gutsure magana zuwa haruffa bayan an ɓata rubutunta. Akwai O.W., akwai K.Y., akwai K.G., duk 'yan gida ɗaya. Yayin ya wuce, su ma suka bi shi, OK kaɗai ta tsira.

Siyasa ce ta fara yi mata rana. A 1840 Shugaba Martin Van Buren ya fito neman wa'adi na biyu. Haifaffen Kinderhook ne a jihar New York, don haka magoya bayansa suka yi masa laƙabi da "Old Kinderhook", suka kafa ƙungiyar da suka sa wa suna O.K. Club. Haruffan suka zama kirari mai harshen damo: sunan gwaninsu ne, kuma shaida ce cewa gwanin ba shi da aibu. 'Yan adawa ba su zauna ba. Suka baza labarin cewa tsohon shugaba Andrew Jackson, ubangidan Van Buren, shi ya ƙago kalmar saboda bai iya rubutu ba. Ƙage ne, amma ya daɗe yana yawo. Van Buren ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, sai dai kafin a gama wannan hayaniya kalmar ta shiga kowane lungu na ƙasar.

Abin da ya ba ta gindin zama, a ganina, shi ne aiki. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙo ta wayar tangarahu daga Washington zuwa Baltimore, kuma cikin 'yan shekaru wayoyi suka bi layukan dogo. Mai buga waya yana ƙwanƙwasa harafi ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kowace kalma tana cin lokaci da kuɗi. Yana bukatar gajeriyar alama da zai gaya wa na can gefen cewa saƙo ya iso lafiya. OK ta dace da wannan gurbi. Akawun kamfani ma ya same ta da sauƙi: ya duba takardar kaya, ya ga lissafi ya cika, ya rattaba haruffa biyu a gefe.

Da tafiya ta yi nisa aka manta asalinta, kowa ya shiga nema mata uba. Wasu suka ce daga Girkanci take, wasu daga bakin mutanen Sikotlan, wasu kuma daga sunan tashar jiragen ruwa ta Aux Cayes a Haiti. Shugaba Woodrow Wilson ya gaskata cewa daga harshen Choctaw na 'yan asalin Amurka ta fito, shi ya sa yake rubuta "okeh" a kan takardun da ya amince da su. Masanin harsunan Afirka David Dalby kuwa ya kawo hujjar cewa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka tafi da ita, ya nuna "waw kay" ta Wolof da "o ke" ta Mandinka, masu ma'anar amincewa.

Wannan ra'ayi na Dalby yana da daɗin ji a kunnenmu, kuma ba abin rainawa ba ne, domin harsunan Afirka sun bar sawu a Turancin Amurka. Amma tarihi da takarda ake kafa shi. Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ya zauna ya bi tsoffin jaridu shafi-shafi, ya wallafa abin da ya gano a mujallar American Speech a 1963 da 1964. Ya nuna yayin, ya nuna ranar, ya nuna yadda zaɓen 1840 ya ɗauke ta. Har yau babu wanda ya zo da shaida mai ƙarfin tasa, kuma a nan manyan ƙamusoshin Turanci suka tsaya.

Ma'anarta kuwa ta yi rassa. Idan Bature ya ce abinci OK ne, bai yabe shi ba, cewa yake ba yabo ba fallasa, kuma mai girkin da ta sha wahala ba za ta ji daɗi ba. Idan yaro ya faɗi aka ɗaga shi aka tambaye shi da ita, lafiyarsa ake tambaya. A ofis takan zama aikatau, shugaba ya OK-ta takarda, ko ta zama suna, a ce ana jiran OK ɗinsa. Malami kan faɗe ta don rufe wani batu ya buɗe wani. Haka ɗan sama jannati Buzz Aldrin ya yi a ranar 20 ga Yuli, 1969, daidai lokacin da kumbon Apollo 11 ya taɓa duniyar wata: da ita ya fara kafin ya sanar an kashe inji. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda haka "to" take aiki a bakinmu. Akwai "to" ta na yarda, akwai ta na ji amma raina bai so ba, akwai ta ci gaba ina saurare, murya ce kawai ke rarrabe su. Ƙarfin OK ke nan: tana ba da izini ba tare da ta ɗora wa mai faɗinta nauyin yabo ba.

A kudancin Najeriya akwai wata OK da ba ta haɗa jini da ta Boston ba. Kayan gwanjo a can "okrika" ake ce musu, daga sunan garin Okrika na jihar Ribas, sai masu saye suka gutsure sunan zuwa OK don sakayawa.

Kwamfuta ita ce ta ƙarasa kai OK ta Boston duniya. A farkon shekarun 1980, lokacin da kamfanin Apple ke gwada na'urarsa mai suna Lisa, maɓallin amincewa "Do It" aka rubuta masa. Wani daga cikin masu gwajin ya ƙi danna shi, har ransa ya ɓaci, domin a ƙaramin rubutun allo ya karanta shi a matsayin "dolt", wato dolo. Sai aka sauya shi da OK. A intanet ma, duk sanda ka buɗe shafi ya fito lafiya, na'urar da ke riƙe da shi ta riga ta aiko wa wayarka amsa a ɓoye, "200 OK". Shi ya sa dattijon da bai taɓa zama a ajin boko ba, in ya je cire kuɗi wurin mai POS, yaron zai miƙa masa na'ura ya ce, "Baba, sa lambarka ka danna OK," shi kuwa ya san koren maɓalli ake nufi.