Waye Baƙo a Kasuwar Kano? Daga Fatoma Zuwa Takardar Rajista

Wannan makon Fagge da Sabon Gari za mu leƙa, mu ga yadda amsar tambayar "ɗan gari ne ko baƙo?" ta yi ta sauyawa ga mai son kafa kasuwanci a Kano.

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, Fagge zango ce a bayan ganuwa, inda ayarin Buzaye ke sauke gishiri. Baƙon ɗan kasuwa ba ruwansa da takarda. Fatoma, wato mai masaukinsa, shi ne rajistarsa: shi zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan maganar bashi ta taso.

Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai Turawa suka raba mutane unguwa-unguwa. Suka yanka Sabon Gari wajajen 1913 domin 'yan Kudu da mutanen Saliyo da Gana ta yanzu, a ƙarƙashin jami'in Bature, ba Sarki ba, har zuwa 1940. Kwarori kuwa, wato 'yan Labanan da Siriya, aka ba su filaye a gefen Fagge, yankin da Kantin Kwari yake a yau. Inda aka ba ka fili, nan za ka buɗe kanti.

Bayan 'yancin kai sai ma'auni ya koma takardar zama ɗan ƙasa. A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta keɓe wa 'yan Najeriya sana'o'i 22, ciki har da ƙananan kantuna, gidan burodi da sinima. Wasu 33 kuma baƙo ba zai riƙe su ba sai 'yan ƙasa na da kashi 40 cikin ɗari. Gwamnatin Obasanjo ta ƙara tsaurara dokar a 1977. Wasu attajiran Kano suka sayi hannun jari, wasu Kwarori suka nemi zama 'yan ƙasa, wasu kuma suka ari sunan ɗan gari suka sa a takarda, alhali kantin na hannunsu.

Kada mu manta mu ma baƙi ne a wani wurin. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta kori baƙi marasa takarda, Hausawa da yawa suka bar shagunansu a zangon Kumasi.

A 1995 aka soke dokar keɓewar. Yau baƙo na iya mallakar kamfani gaba ɗayansa, amma bayan rajista da hukumar CAC, wadda aka kafa a 1990, sai ya yi wata da hukumar NIPC, ya kuma sami izinin Ma'aikatar Cikin Gida.

Don haka idan ka sa baƙon ɗan kasuwa a labarinka, fara tantance shekarar. Kwaran da ke da sinima a 1965, in ka kai shi 1975, dole ka gaya mana sunan wa ke kan takardar. A nan rikicin labarinka yake.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.