Yadda injin kwalekwale ya koyi ja da baya

A shekarar 1909 Ole Evinrude, haifaffen ƙasar Norway da ya girma a jihar Wisconsin ta Amurka, ya fara sayar da injin da ake maƙalawa a bayan kwalekwale. Injin nasa hanya ɗaya ya sani. Da an tayar da shi farfela ta kama juyawa, jirgi ya zabura, ko matuƙi ya shirya ko bai shirya ba. Babu firi, balle ribas. Mai son tsayawa sai ya kashe inji tun daga nesa, ya bar ruwa ya ƙarasa da shi gaɓa. A ƙananan injinan kamfanin Johnson kuwa, in ana son ja da baya, injin ake juyawa ɗungurungum.

Shekara 40 aka yi ana wannan fama. Sai a 1949 kamfanin Johnson ya fito da samfurin QD mai ƙarfin doki 10, da giyar gaba da firi da ribas.

Dabarar ba ta da wani tarkace. A can ƙasan inji, kusa da farfela, akwai giya biyu, ɗaya na juyawa dama ɗaya hagu muddin inji na aiki. Tsakaninsu akwai wani ɗan zoben ƙarfe mai haƙora, wanda makanikan Amurka ke kira kare, ga alama don cizon da yake yi. Siririyar sandar ƙarfe ta taso daga hannun giya ta gangara ta cikin ƙafar inji, ita ke tura karen ya cafki wannan giya ko waccan, ko ya tsaya a tsakiya. A tsofaffin injinan Johnson da Evinrude da yawa sandar gida biyu ce, an haɗa ta da ɗan maɗauri mai noti biyu a bayan wani ƙaramin murfi. Bakaniken da ya manta da maɗaurin nan zai yini yana jijjiga ƙasan inji bai cire ba.

In mahaɗan sandar suka ci suka yi sako-sako, karen ba ya cizo sosai. Bakin haƙoransa ya goge, giya ta riƙa fita ana tsakar tafiya, da wata irin ƙara kamar an yi karo da kututture. Lallaɓa giya a hankali, da wasu ke ɗauka tausaya wa inji ne, shi ke saurin cinye haƙoran.

Ba kowa ya yarda da sandar ba. A 1957 Carl Kiekhaefer, mai kamfanin Mercury, ya fitar da Mark 75 mai silinda 6 ba tare da giyar ribas ba: inji ke mutuwa, a sake tayar da shi yana juyawa baya. Ran da ya ƙi tashi, katakon tashar jirgi ke shan duka. A 1962 Johnson da Evinrude suka kawo giyar lantarki, amma zuwa 1973 sun koma wa sandarsu.

A watan Mayun 2020 aka daina ƙera injinan Evinrude. Amma injinan Yamaha da ke tura kwalekwalen kasuwar Yauri a tafkin Kainji, har yau da hannun giya da sanda da kare suke aiki.