Adam Politzer da Tarihin Binciken Ciwon Kunne da Hanci



Tambayar da za mu duba a wannan lacca ita ce: da wane ma'auni ake auna tasirin mai bincike? Domin amsa ta, za mu bi tarihin wani likita mai suna Adam Politzer, wanda aka haifa a ƙasar Hangare a 1835, ya sami digirin likitanci a Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1859, ya kuma rasu a 1920.

A zamaninsa babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin, waɗanda ba su shiga hannun likitoci ba sai a shekarun 1940. Saboda haka kunnen da ya tara mugunya kan kurumtar da yaro, ya raba shi da karatu, wani lokaci ma cutar ta ci ƙashin bayan kunne ta kai ga ƙwaƙwalwa, ta yi kisa.

Politzer ya zaga Jamus da Faransa da Ingila neman ilmi, inda ya zauna da masana irin su Helmholtz da Toynbee. A 1861 aka naɗa shi malamin ilmin kunne na farko a Biyana. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne wata siririyar hanya wadda ta haɗa bayan hanci da tsakiyar kunne. Wannan hanya kan buɗe duk sa'ad da mutum ya yi haɗiya, iska ta shiga. Idan mura ta kumbura ta har ta toshe, sai iskar da ke bayan dodon kunne ta ragu, ruwa ya taru, ji ya dushe. Watau sau da yawa ciwon kunne daga hanci yake farawa.

A da, likitoci kan zura bututun ƙarfe ta hanci don su hura wannan hanya, aikin da ke bukatar gwaninta, ga kuma wahala ga yara. A 1863 Politzer ya bayyana wata dabara mai sauƙi. Maras lafiya zai guntsi ruwa, likita ya sa bakin wata jakar roba a ƙofar hancinsa ya toshe hancin, sa'an nan ya matsa jakar daidai lokacin haɗiya. Iska sai ta bi hanyar ta isa kunne. Da wannan, likitan ƙauye ma ya iya abin da a da sai gwani.

Bai tsaya nan ba. A 1864 shi da von Tröltsch da Schwartze suka kafa mujallar ilmin kunne ta farko. A 1865 ya buga littafin zane-zanen dodon kunne, mai lafiya da maras lafiya, domin likita ya gane abin da idonsa ya gani. A 1873 aka buɗe sashen kunne a Babban Asibitin Biyana, shi da Josef Gruber suka shugabance shi. A sashen nan ne Robert Bárány ya yi aiki, wanda ya sami kyautar Nobel ta 1914.

Har ila yau, Politzer ya gwada sa ɗan bututu a dodon kunne don iska ta riƙa shiga, amma kayan zamaninsa ba su ba shi nasara ba. Sai a 1954 wani likitan Amurka, Armstrong, ya farfaɗo da dabarar da bututun roba, kuma ana yi wa yara wannan aiki har yau. Haka nan a birnin Graz na Ostiriya, Walter Messerklinger ya nuna cewa ramukan da ke cikin ƙasusuwan fuska kewaye da hanci su ma sukan kamu ne idan ƙofofinsu sun toshe, majina ta rasa mafita. Littafinsa na 1978 ya zama tushen tiyatar hanci ta zamani. Ƙa'idar guda ce: a buɗe hanya, iska ta shiga, ruwa ya fita.

To, ga ma'aunin da tarihi ya ba mu. Ana gane tasirin mai bincike ta wurin dabarar da ya sauƙaƙa wa na ƙasa da shi, da makarantar da ya kafa, da tambayar da ya bar wa na baya su ƙarasa. Ɗalibin da ke shirin bincike, da ma'aikacin da ke raba kuɗin bincike, ya kamata su riƙe waɗannan uku.