Golf a Ƙasar Rairayi

Wasan golf ɗan ƙasar damina ne. A Sikotilan ya girma, inda ciyawa ba ta rabuwa da laima, kuma a garin Saint Andrews aka tsayar da zagayensa a kan ramuka 18 a shekarar 1764. Bayan Ingilishi sun ci Kano a 1903, sai suka shata masa fili a unguwarsu, gabas da ganuwa.

Sai dai ƙasar ta hana su ciyawa da rani. Dabarar da aka yi ita ce a cuɗa rairayi da baƙin mai, a daɓe kewayen kowane rami, a riƙa share shi kafin bugu. Mai niyyar zagaye kuwa sai ya yi sammako, ya tanadi ruwan sha, ya lura da inda iskar hunturu ke kaɗawa. Irin wannan fili aka buɗe a Awali ta Baharain a 1938, haka kuma na Rio Bravo kusa da Yamai.

A 1988 Dubai ta sauya salo, ta shimfiɗa ciyawa a tsakiyar hamada, wadda ba ta rayuwa sai da ban-ruwa kullum.

Manomin Matamaye ya san kuɗin wannan zaɓi. Tun farin 1984, da gwamnatin Saini Kunce ta ƙarfafa noman rani, ruwan fadama na rake ne da kayan lambu. Filin rairayi bai yi kyan na ciyawa ba, amma bai taɓa cin rabon garka ba.