Inanna: asalin sunan da ma'anarsa

Inanna ita ce babbar abar bautar mutanen Sumer a birnin Uruk, wanda kufansa ke Warka a kudancin Iraƙi. Akadawa kuma Ishtar suke ce mata. Littattafai da yawa sukan fassara sunan a layi ɗaya su wuce, alhali masana ba su taɓa haɗuwa a kansa ba.

Fassarar da ta fi yaɗuwa ta ce asalinsa nin-an-ak ne: nin uwargijiya, an sama, ak kuma ɗafin mallaka, wato Uwargijiyar Sama. Tana da madogara. Gidan bautarta a Uruk Eanna ake kiransa, Gidan Sama, kuma a Emesal, karin Sumeranci na waƙoƙin bauta, an rubuta ta Gashan-anna, gashan kuwa daidai yake da nin.

Matsalar tana wajen rubutu. Alamar da ake dannawa a allon laka don rubuta sunanta ba haɗin nin da an ba ce. Hoto ne na damin kara mai lanƙwasasshen kai, irin wanda aka sassaƙa a jikin Tulun Warka, wajen shekara 3000 kafin Miladiyya. Alama irin wannan tana nuna wadda ake nufi, amma ba ta faɗin yadda ake furta sunan. Daga nan saɓani ya taso. A 1960 Ignace Gelb ya kafa hujja cewa tsohon lafazin Innin ne. Thorkild Jacobsen ya karanta sunan da ma'anar Uwargijiyar Nonon Dabino, yana danganta ta da rumbun ajiyar gari. Wasu suka ce kalmar ba ta Sumeranci ba ce sam, gado ce daga mutanen da suka riga Sumerawa zama a bakin kogin Furatu, ra'ayin da yau magoya bayansa ba su da yawa.

Hujjar da ta fi nauyi a nan ita ce ta tsofaffin allunan Uruk na lissafin hadaya, inda aka ambaci Inannar safiya da Inannar maraice. Wannan tauraruwar Zara ce, wadda idan ta fito da asuba muke ce mata gamzaki. Ke nan alaƙarta da sama ta daɗe ƙwarai, ko da a ce Uwargijiyar Sama fassara ce da marubutan Sumer suka yi wa sunan da suka tarar.

Sunan Ishtar kuwa, wanda tsohon lafazinsa Eshtar ne, daga dangin harsunan Larabci da Ibrananci ya fito. Ɗan'uwan Athtar ne, abin bauta namiji a Ugarit da kudancin Arabiya, kuma sunan Ishtar ba shi da harafin t na tamata da ke ƙarshen sunan Astart, wata abar bauta mace. Haɗewar sunayen biyu ta kankama a zamanin Sargon na Akad, ƙarni na 24 zuwa na 23 kafin Miladiyya. Daga baya Akadawa suka riƙa kiran kowace abar bauta mace ishtaru.