Gada biyu

Da muka kalli fim ɗin Selma a Madawa, gardama ta kaure: wai an yi wa shugaba Johnson ƙage, an mai da shi mai jan ƙafa kan ƴancin zaɓen baƙaƙen Amurka a 1965. Ni kam hankalina na kan wata gadar. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗaliban USN suka nufi gadar Kennedy a Yamai, ba su da makami. Aka buɗe wuta, uku suka mutu. A 1991 aka zauna taron ƙasa.

To, in an yi namu fim, yaya za a nuna Ali Saibu? Wanda ya yarda da jam'iyyu barkatai, ko wanda aka harbe ɗalibai a zamaninsa? Abokina ya ce duka biyun. Ni na ce a fara da sunayen mamatan, don a ajinmu ba wanda ya iya kawo ko guda.